Allurar da Indo Ba Ta Yi Ba

Indo Mutari 'yar Tawa ce, amma a Yamai ta yi rayuwarta, a unguwar Bukoki, cikin wani gida mai ɗaki uku da dogonyaro a tsakar gida. Ubanta tela ne. Ya sa ta lakkol, makarantar boko, don ya ga maƙwabcinsa ya sa tasa 'yar, ba don yana da wani buri a kanta ba. Ita kuwa ta yi ta cin jarrabawa har ta shiga makarantar aikin jinya, ta fito tana da shekara ashirin da ɗaya. A Yamai ta auri Ado, mutumin Maraɗi, mushe, wato malamin lakkol, mai koyar da lissafi, suka haifi 'ya'ya huɗu. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, kuma duk wanda ya taɓa karɓar allura a hannunta yakan ce bai ji shigarta ba.

Wannan sanyin hannun ne ya kai ta wani ƙaramin kilinik na wani tsohon likita Anasara, wanda ya ƙware kan fata da jijiyoyin ƙafa. Matan da ke zuwa wurin iri biyu ne. Akwai waɗanda haihuwa da tsayuwar kasuwa suka sa jijiyoyin ƙafarsu suka kumbura, suka murɗe kamar igiya a bayan gwiwa. Akwai kuma matan manya, masu son a share musu ƙananan jijiyoyin da suka bazu a cinya, ko a rage musu tabo da ƙuraje a fuska. Ba a yanka kowa. Siririyar allura ake sawa cikin jijiyar, a tura wani ruwan magani da ke sa ta rufe, jini ya koma bin babbar hanya ta can ciki, a naɗe ƙafar da bandi, mace ta tashi ta taka zuwa gida. Mai kallo sai ya ce abin wasa ne. Amma in ruwan ya kuskure jijiya ya zuba cikin nama, wurin ƙonewa yake ya zama gyambo. In kuma babbar hanyar ta ciki ta toshe da gudan jini, ba a yin allurar sam, don gudan na iya ɓallewa ya haura huhu ya kashe mutum.

Shekara goma sha ɗaya Indo ta yi tana koyon wannan aiki. Da tsohon ya tashi komawa ƙasarsu a 1983, sai ya bar kilinik a hannun wani matashin likita, Mahamadou, ya ce masa a gaban kowa, fuska tasa ce, amma ƙafa ya bar wa Indo.

Daminar 1984 ba ta yi ba. Kafin watan Disamba mutanen karkara sun cika bakin gari, sun kafa bukkoki da buhu da kara. Gwamnatin soji ta ce duk ma'aikacin lafiya, na gwamnati da na kilinik, sai ya ba da hannu. Aka tura likita Mahamadou arewa, sai ya yi wata guda bai leƙo Yamai ba. Indo kuwa da safe tana sansanin 'yan gudun yunwa, tana duba yara masu baƙon dauro da ƙazuwa, da la'asar ta buɗe kilinik ta ga mutum uku ko huɗu. A lokacin kowa yana tauna maganarsa kafin ya faɗe ta. A cikin taksi ba a zancen hatsi. Ƙanen Ado ma, ɗalibi a jami'a can Lamorde, an kama shi shekara biyu da suka wuce, ya yi wata bakwai ba a san inda yake ba, ya dawo ba ya son a tambaye shi komai.

A cikin wannan hali ne Indo ta gane ana sace maganin jijiya daga kabad. Mai sharar kilinik, Kande, ita kaɗai ke shiga ɗakin bayan an tashi. Indo ce ma ta samo mata aikin, don mijinta ya mutu ya bar ta da yara biyar. Da ta tsare ta, Kande ba ta yi musu ba. Ta ce ta daɗe tana kallon yadda ake yi, kuma akwai mata a gari masu son a yi musu a gida, ba sa son a gan su a kilinik.

"Kin san abin da ruwan nan ke yi in ya fita daga jijiya?" in ji Indo.

"Yaya, sau biyar na yi, ba abin da ya faru."

"Kawo sauran."

"Sun ƙare."

Indo ta san ƙarya ce. Ta karɓe makulli, ta sallame ta, amma ba ta kai ta komisariya wurin 'yan sanda ba, ba ta kuma faɗa wa likita Mahamadou ba. Ta ce a ranta yaran Kande ba su yi laifin komai ba.

A farkon watan Afrilu na 1985, ranar wata Talata, wata baƙar mota ta tsaya a ƙofar kilinik, direban da kakin soji. Matar da ta fito ta rufe rabin fuskarta da mayafi. Sai da aka rufe ƙofa ta yaye. Sunanta Hajiya Asma'u, matar Kumandan Abdulaye, ɗaya daga cikin hafsoshin da aka ɗora wa rabon hatsin taimako. An san shi a gari. Ya taɓa sa an ɗaure wasu 'yan kasuwa uku da suka ɓoye gero, aka zagaya da su kasuwa a bayan mota. Ana cewa ko buhu ɗaya bai taɓa shiga gidansa ba, ana kuma cewa ba ya yafe laifi.

Fuskar Hajiya Asma'u ta lalace. Goshinta fari fat, amma bisa kumatunta akwai baƙin tabo kamar an goga gawayi, ga ƙuraje a haɓa, fatar ta yi sirara har ana ganin jan jijiya. Indo ba ta buƙaci tambaya ba. Man hasken fata ne. Tun da aka rufe iyakar Najeriya, na kirki ya yi wuya, sai haɗe-haɗen da ake zubawa a kwalba ba suna.

"Shekara nawa kina shafawa, Hajiya?"

"Ban zo don a yi mini wa'azi ba. Sati uku ya rage a ɗaura auren 'yata. Ina son fuskar nan ta gyaru, da kuma ƙafa."

"Fuska za ta gyaru, in Allah ya so, amma ba cikin sati uku ba. Sai an janye man a hankali, ki daina shiga rana. Wata shida, ko fiye. Mu ga ƙafar."

Jijiyoyin sun fito sosai a ƙafa biyu. Amma ta hagu ce ta tsayar da Indo. Ta fi ta dama kauri, sharaɓar ta yi tauri, da zafi a hannu. Da ta lanƙwasa tafin ƙafar sama, matar ta cije leɓe. Indo ta ɗauko ma'aunin tela da take ajiyewa a aljihu, ta auna ƙafafun, ta hagu ta ɗara da santimita uku.

"Tun yaushe take ciwo?"

"Tun da muka dawo daga Damagaram a mota. Kwana biyar. Gajiya ce."

"Hajiya, ina jin tsoron gudan jini ne a ciki. Ba zan yi miki allura ba. Yau ɗin nan ya kamata ki je babban asibiti a kwantar da ke."

"A kwantar da ni ana shirin biki?"

"In na yi allurar nan kina iya rasa ranki."

Hajiya Asma'u ta sauke zanenta, ta gyara zama. Muryarta ba ta tashi ba.

"Kin yi wa matar sakataren ministan nan, kin yi wa matar Alhajin da ke da motocin Kwatanu. Duk na ga ƙafafunsu. Ni ce ba ki ga dama ba?"

"Su ƙafarsu ba ta kumbura ba."

"Mijinki Ado ne ko? Mai koyar da lissafi. Wanda aka taɓa tsare ƙanensa."

Maganin yana nan cikin kabad, taku uku daga inda Indo take tsaye. Ta ma yi tunanin ta zuƙi ruwan gishiri ta yi mata allurar banza, kowa ya huta. Amma in ta yi haka, matar za ta koma gida ta ci gaba da shirin biki da gudan jini a ƙafa. Sai ta zauna ta rubuta takarda zuwa ga likitan babban asibiti, ta miƙa mata.

"Shi ne mijina, Hajiya. Ga takarda. Ki taimaki kanki ki je."

Matar ta dubi takardar, ta bar ta bisa tebur, ta rufe fuska ta fita.

Da Indo ta gaya wa Ado, yana zaune gindin dogonyaro yana gyaran takardun 'yan lakkol, sai ya ajiye alƙalami. Can ya tambaye ta ko akwai wanda ya ji maganarsu. Ta ce babu.

"To da ma kin ce magani ya ƙare."

"Da ta nemo shi a wani wuri ta kawo mini."

"Yanzu fa?"

"Yanzu ban sani ba, Mushe."

Kwana huɗu ba abin da ya faru. Ranar Asabar da hantsi, tana sansani tana ɗura wa wata yarinya ruwan gishiri da sukari da cokali, sai wata Landiroba ta shigo tsakanin bukkoki. Soji biyu suka sauko, ɗaya ya tambayi wace ce Indo Mutari. Matan da ke layi suka sunkuyar da kai. Ta miƙa wa uwar yarinyar cokalin, ta ce ta ci gaba, kaɗan-kaɗan, kada ta tsaya ko yarinyar ta yi amai. Ta wanke hannu ta shiga motar.

Wani buro, wato ofis, aka kai ta, gini mai launin ƙasa da ba a rubuta komai a ƙofarsa ba. Ta yi awa uku a bisa benci. Bayan azahar aka shigar da ita wurin Kumandan Abdulaye. Siririn mutum ne, idanunsa sun yi ja, ga ƙurar hanya a takalminsa. Bai ce ta zauna ba.

"Matata tana asibiti tun jiya. Ta faɗi a tsakar gida, numfashi ya gagare ta. Likitoci sun ce gudan jini ya hau huhunta. A ƙafarta akwai sawun allura bakwai, naman wurin ya yi baƙi. Direba ya ce ranar Talata ya kai ta wurinki."

"Ya kai ta, Kumandan. Na duba ta, na ce ba zan yi ba, na rubuta mata takardar asibiti."

"Ina takardar?"

"Ta bar ta. Tana cikin durowa a kilinik."

"Takardar da ke durowarki kina iya rubuta ta jiya."

Indo ta san gaskiya ya faɗa.

"In ba ke ba ce, wa ya yi? Likitanku yana daji. An ce mini duk garin nan ke kaɗai ke wannan aiki."

Sunan Kande ya zo mata har bakin harshe. Ba ta da shakka sosai, amma ba ta gani da idonta ba. Ta kuma san in suna ya fito a cikin wannan ɗaki, ba a tsayawa neman shaida. Ta tuna 'yan kasuwan da aka zagaya da su, su da ke da dangi da dukiya. Kande ba ta da kowa. Bayan haka kuma, in ta faɗa, tambaya ta gaba ita ce daga ina maganin ya fito, me ya sa ba ta kai ƙara ba.

"Ban ga wanda ya yi ba, Kumandan. Hajiya ta sani. In ta samu sauƙi a tambaye ta."

"In ba ta samu ba fa?"

Ya kira soja ya ce a ajiye Indo.

Ɗakin da aka sa ta ƙarami ne, da tabarma da bokiti, tagar tana can sama. Ba wanda ya taɓa ta. Sau biyu a yini ake turo mata tuwon jar dawa irin ta taimako, wadda take gani ana rabawa a sansani. Zafin Afrilu ya sa bangon ɗakin ba ya jinginuwa. Abin da ya fi damunta shi ne ƙarar takalmi. Duk sanda aka nufo ƙofar sai ta miƙe, tana jiran a ce matar ta rasu.

Kwana na huɗu aka fito da ita, aka kai ta asibiti. Hajiya Asma'u ta farfaɗo, tana kwance a ɗaki ita kaɗai, da robar iska a hanci. Ba mayafi, ba kwalli, tabon fuskarta a fili. Kumandan ya tsaya a gefen gado, ya sa aka tsayar da Indo a wajen ƙafa.

"Asma'u, ga ta. Ita ce ta yi miki?"

Matar ta dubi Indo, ta dubi mijinta. Indo ta ga tsoro a idonta, ta kuma gane daga baya abin da take tsoro. Hajiya ta gaya wa mijin ciwon ƙafa ne ya kai ta kilinik. Bai san da zancen kwalliya ba, bai san an shigo da wata gidansa an yi allura a ɗakin matarsa yana can yana rabon hatsi ga masu mutuwa ba. Mutum ne da ya hana ta sa zinariya tun da farin nan ya shigo.

"Ina tambayarki."

Hajiya Asma'u ta juyar da kai wajen bango, ta rufe ido.

Indo ta ce, "Kumandan, a bar ni in ga ƙafar."

Ya ɗaga kai alamar ta duba. Ta yaye zanen. Daga ƙasan gwiwa zuwa idon sawu wurare uku sun mutu, baƙi ƙirin, gefensu ya yi ja ya kumbura. An soka allurar har bisa ƙashin ƙwauri, inda ko ɗan koyo ba ya sokawa. An rufe wurin da busasshiyar auduga da ta manne.

"Wannan audugar a jiƙa ta kafin a cire. Naman da ya mutu sai an riƙa ɗebe shi kullum, in ba haka ba zai ci gaba."

"Ba shawara na kawo ki ba," in ji Kumandan. Aka mayar da ita.

A waje Ado bai zauna ba. Ya je komisariya aka ce ba su da labari. Ya je jandarma, haka. Wani tsohon ɗalibinsa soja ya raɗa masa inda take. Ya rubuta takarda da Faransanci mai kyau, shafi biyu, ya sa hannu da cikakken sunansa da lakkol ɗin da yake koyarwa, ya kai ƙofar buron da kansa. Abokan aikinsa sun ce kada ya yi, bai ji ba. Kullum bayan an tashi lakkol sai ya zo ya tsaya tsallaken hanya da kwanon abinci a hannu, har la'asar ta yi sanyi, ba wanda ya karɓa. Ya aika wa likita Mahamadou saƙo ta hannun direban motar hatsi, saƙon bai isa ba sai bayan komai ya wuce.

Kwana na tara da safe aka sake buɗe ƙofa. Wannan karon Kumandan da kansa ne a bakin mota. Sai da suka kusa asibiti ya yi magana.

"Likitoci sun ce in gyambon ya kai ƙashi za su yanke ƙafar. Jiya ta ji suna faɗa. Ta ce ba ke ba ce. Ta ce wata mata ce aka kawo mata, ba ta san sunanta ba." Ya juyo ya dube ta. "Ke kin san sunan."

"Ban gani da idona ba, Kumandan."

"Kwana tara ba su ishe ki ba?"

"Sun ishe ni."

Ya daɗe yana kallonta. Direba ya tsayar da mota a ƙofar asibiti, ya bar injin na aiki.

"Kina iya hana a yanke ta?"

"Ban sani ba. Zan gwada, in likitocin sun yarda."

"Sun yarda. Sauka."

Bai ce ta yi haƙuri ba, ba a kuma ba ta wata takarda da ta nuna an tsare ta ko an sake ta. Da ta gama wankin gyambon na farko, ta fito ta tari taksi zuwa Bukoki da kayan da ta kwana tara a ciki. Matan unguwa suka shigo barka ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta tambaye ta inda ta je. Washegari ta aika a dubo Kande. Ɗakin a buɗe, ba tabarma ba tukunya. Mai gidan ya ce tun ranar Juma'ar waccan ta kwashe yaranta, ta ce za ta ƙauye.

Wata biyar Indo ta yi tana wankin ƙafar nan, da farko a asibiti, daga baya a gidan Kumandan. Da safe sansani, da azahar ta hau taksi da kwanon kayan aikinta. Ta jiƙa, ta ɗebe mataccen nama da almakashi, ta wanke, ta rufe. Ciwon yana da zafi ƙwarai. Hajiya Asma'u takan cusa gefen zane a baki, hawaye na zuba, ba ta yin ƙara. An ɗaga biki zuwa bayan salla. Sati uku na farko ba abin da ke haɗa su sai "ɗaga" da "sauke".

Ranar da jan nama mai lafiya ya fara tsirowa a gyambo na sama, Indo ta ce ta duba. Matar ta leƙa, ta koma ta kwanta.

"Kin ci abinci a can?"

"Ana ba ni."

"Na so in yi magana ranar da aka kawo ki. Bakina ya ƙi."

Indo ta ci gaba da naɗa bandi.

"Ba za ki ce komai ba?"

"Hajiya, riƙe nan in ɗaure."

Ta riƙe. Can ta ce, "Fuskar fa? Kin ce wata shida."

"In kin yarda ki ba ni kwalaben nan duka."

Kwalba huɗu ta fito da su daga ƙarƙashin gado. Indo ta bar mata ɗaya, ta nuna mata yadda za ta riƙa ragewa, yau a shafa gobe a huta, har a bari, don in an yanke lokaci ɗaya fatar hauka take yi. Da likita Mahamadou ya dawo ya rubuta maganin ƙuraje. Sauran kuwa sabulu marar ƙamshi ne, da man kaɗe, da zama a inuwa. Wata biyu fuskar ta yi muni fiye da da, ta yi duhu, tana saɓa, matar ta sa aka juya madubin ɗakin. Daga nan ta fara lafawa. Launinta na asali ya dawo, baƙa mai kyau, sai dai tabon kumatu bai tafi duka ba, har ta tsufa akwai inuwarsa. Ƙafar ta warke a watan Satumba, ana ruwa kamar ba a taɓa fari ba. Ta bar tabo uku masu zurfi, kuma matar ba ta ƙara doguwar tafiya ba tare da ta huta ba.

A hutun wannan damina ne takardar canjin wurin aiki ta zo wa Ado. An tura shi Gigimi, can ƙarshen gabas kusa da tabkin Cadi, tafiyar kwana uku. Ba wanda ya ce saboda takardar da ya rubuta ne. Indo ta yi niyyar yi wa Hajiya Asma'u magana, shi ya hana ta. Ya ce a can ma akwai yara masu bukatar lissafi. Shekara uku ya yi, yana zuwa hutu sau ɗaya a shekara, ita tana riƙe da yara huɗu a Bukoki. Ya dawo da ciwon ido da bai rabu da shi ba.

Indo ta gaya wa likita Mahamadou zancen maganin da aka sace, ya yi mata faɗa sosai, ya sa aka canza kabad, amma bai kore ta ba. Ta ci gaba da allurar jijiya har shekarar 2001, lokacin da ta ga hannunta ya fara motsi in ta ɗaga shi, ta ajiye da kanta. Ta koya wa mata uku aikin. Abu na farko da take sa su yi, wata guda cur, shi ne auna ƙafa da taɓa sharaɓa, ba ta barin su riƙe allura.

Indo ba ta sake ganin Kande ba. Amma wajen shekara biyu bayan abin, wata 'yar kasuwa daga Gaya ta zo kilinik, cikin hira ta ce a garinsu akwai wata mata da ke bi gida-gida tana allurar jijiya, ta yi wa wata amarya, ƙafar ta ruɓe har aka yanke. Indo ta tambayi sunan matar da kamanninta. 'Yar kasuwar ta ce ba ta taɓa ganin ta ba, labari ta ji. Indo ta rubuta wa wani ma'aikacin jinya da ta sani a can, ya amsa cewa an yi haka, amma matar ta gudu, wasu na cewa 'yar Yamai ce, wasu na cewa daga tsallaken iyaka ta zo.

Wannan ne abin da take yawan komawa kansa da ta tsufa, ba kwana taran ba. Babbar 'yarta ta ce sau da yawa in suna zaune sai Indo ta ce maganin da Kande ta ɗauka ba zai kai shekara biyu ba, dole wata ce daban. Sai kuma ta ce ai ana iya samun sa a Kwatanu. Indo ta rasu a 2012, bayan Ado da shekara huɗu, ba ta san ko wace ce matar Gaya ba.